Masu Aikin Dare: Abin da Muka Gani a Dajin Yankari

A taron ƙungiyarmu na bayan kaka, da aka gama lissafin bashin taki, sai aka tarar 'yan kuɗi sun rage a akwati. Waɗansu suka ce a sayi buhunan ajiya, waɗansu suka ce a raba kowa ya ɗauki nasa. Shugabar zumuntar mata ce ta kawo zancen Yankari. Ta ce shekara nawa muna jin sunan wurin nan a rediyo, baƙi suna tasowa daga ƙasashe masu nisa su zo su gani, mu da muke kusa ko leƙawa ba mu taɓa yi ba. Aka yi ta gardama har rana ta yi sanyi. Daga baya kowa ya ƙara abin da zai iya, muka ɗauki shatar mota. Mu 18 muka tafi, cikin watan Maris, lokacin da babu aikin gona sai sharar saura.

Ni da kaina ban goyi bayan tafiyar ba da fari, gama na ɗauka yawon ɓata kuɗi ne. Yanzu kuwa ga ni ina rubuta labarinta, domin abin da na koyo a can ya shafi rumbuna, da ɗorawar da ke bakin gonata.

Wurin da kansa

Gandun dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci. Daga Bauci ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a yi kudu har ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar wajen kilomita 43 cikin daji. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince a keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauci da shi.

Ran dajin duka shi ne kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyarsa, ba ya kuwa ƙafewa. Da rani, sa'ad da tafkuna suka bushe, namun daji dole su gangaro bakinsa, shi ya sa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu. Kusa da masauki akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garau mai ɗumi yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Samarinmu sun shiga wanka, da kyar aka fito da su. Gwaggon biri kuwa a masaukin nan ba ya tsoron kowa. Ɗaya ya fizge ƙunshin ƙuli-ƙuli daga hannun ma'ajinmu, ya hau kan rufi yana ci yana dubanmu.

Fita da la'asar

Ba a shiga dajin sai tare da ma'aikacin gandu, ba a kuma sauka daga mota sai ya ce a sauka. Muka fita da la'asar sakaliya a buɗaɗɗiyar mota. Abin da muka gani da sauran rana ba zan daɗe a kansa ba: gwambaza a bakin fadama, mazo ɗaya ya gilma, gadu da 'ya'yanta suna gudu wutsiya a miƙe, kada a kan yashi, da garken ɓauna daga nesa. Ma'aikacin ya ce ɓauna sun sha wuya ƙwarai a annobar bushiya ta 1983, wadda dattawanmu masu shanu ba su manta da ita ba. Wannan cuta dai an sanar da ƙarewarta a duniya duka a 2011, abin godiya. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda dā suke dajin, sun ƙare. Zaki yana nan, amma kaɗan ne ƙwarai suka rage, ba mu kuwa gan shi ba.

Giwa muke ɗoki. Muka ga kashinta, muka ga itatuwan da ta karya, muka ga sawunta kamar an kifa faifai a laka. Muka tsaya a bakin kogi muna jira, ba ta zo ba. Jiran nan ne ya sa magariba ta same mu da sauran tafiya, sai direba ya kunna fitila. A nan ne ainihin kallon ya soma.

Da farko dai sautin dajin ne ya sāke. Kurciyoyi suka yi shiru, fakara ta yi kukanta na ƙarshe, kwaɗi da gyare suka karɓa. Dorina, wadda ta yini cikin ruwa ba a ganin kome nata sai kunne da hanci, ta yi wata gurnani mai kama da ana jan turmi a kan daɓe. Da dare take fitowa kiwo, takan yi tafiyar kilomita da dama, ta ci ciyawar da ta kai wajen kilo 40, kafin gari ya waye ta koma ruwa. Ma'aikacin ya gargaɗe mu, ya ce mutum kada ya yarda ya shiga tsakanin dorina da ruwanta. Wannan gargaɗi ne ga duk mai noman fadama a bakin babban kogi.

Sa'an nan sai idanu. Ko'ina fitila ta haska, sai ka ga wuta biyu-biyu suna ƙyalli cikin duhu. Yawancin dabbobin dare suna da wani shimfiɗi a bayan ido mai aiki kamar madubi, yana mayar da ɗan hasken da ya shiga domin idon ya mori shi sau biyu. Shi ya sa suke gani inda mu ba mu gani, shi ne kuma ƙyallin da muke gani. Na kada ja ne kamar garwashi, na gada da irinta ya fi kama da kore-kore. Har gizo-gizo a cikin ciyawa yana da nasa ɗan ƙyalli kamar raɓa. Matan da ke bayan mota suka yi ta salati irin namu, ɗaya ta ce ashe duk tsawon yinin nan ana kallonmu ba mu sani ba.

Yautai suna kwance a tsakiyar hanya, sai mota ta kusa taka su su tashi. Ɗaya ya tashi da waɗansu dogayen gashi biyu, ɗaya a kowane fiffike, masu kama da tuta a kan tsinke, har ka ce ƙananan tsuntsaye biyu ne suke binsa. Namiji ne, a lokacin neman aure yake fid da su. Tun muna yara ake ce mana yautai mugun tsuntsu ne. Ma'aikacin ya ce bakinsa ƙarami ne a ido amma in ya buɗe shi har kunne, ba ya cin kome sai ƙwarin da ke tashi da dare.

Zomo ya shiga hasken ya rasa hanyar fita, ya yi ta gudu a gabanmu har direba ya rage fitila. Muka ga inyawara a kan reshe, jiki dabbare-dabbare, doguwar wutsiya mai zobe-zobe. Muka ga tunkun juda yana tafe kai a sunkuye, bai ko kula da mu ba. A wani wuri ma'aikacin ya nuna mana babban rami a gindin suri, ya ce aikin dabgi ne. Shi kansa da ya yi shekaru a dajin, ya ce ganin dabgi sai an yi sa'a. Dabgi yana da farata kamar garma, da dogon harshe mai yauƙi, a dare guda yakan lashe gara da tururuwa dubbai masu yawa. In ya bar ramin, gadu ko beguwa ko kura su gāje shi. Gadu ma da baya yake shiga, domin haurensa ya tsare ƙofa.

Da muka kusa masauki, direba ya kashe inji da fitila na ɗan lokaci. Ban taɓa jin duhu irin wannan ba tun da aka kawo lantarki garinmu. Can nesa kura ta yi kuka sau biyu. Mai bishararmu ya tuna mana da Zabura 104, daga aya 20 zuwa 23, inda aka nuna yadda Allah ya raba aiki, dare na namun jeji, safiya kuma mutum ya fita zuwa nasa. Ba wanda ya ce kome, sai aka tā da mota.

Baba maharbi

A cikinmu akwai wani dattijo, dattijon ikilisiya ne yanzu, amma a ƙuruciyarsa shahararren maharbi ne. Tun da aka kunna fitila yake kiran sunan kowace dabba daga idonta kaɗai, tun ma'aikacin bai buɗe baki ba. Bayan abinci muka zauna a waje, na ce, Baba, yau ka koma gida ke nan. Bai yi dariya ba.

Ya ce sa'ad da yake saurayi, duk abin nan da muka biya kuɗin mota muka zo gani, ban da giwa da zaki, yana nan a dajin bayan garinmu. Ya ce da kwari da baka, mutum yakan yi kwana uku yana bin nama ɗaya, wani lokaci ya dawo hannu wofi. Da aka kawo fitilar goshi ta aci-balbal, daga baya ta batir, farauta ta zama ɗiba. Haske ya daki idon gada, sai ta tsaya cik, ta ba ka idon da za ka auna. Cikin duhu kuwa ba ka san mace ba, ba ka san mai ciki ba, ido kawai kake harbi. Ya ce ya sha feɗe nama ya tarar da ɗa a ciki. Ya ƙara da gobarar da ake sa wa daji kowace kaka domin gafiya da gyazbi. Ya ce ba wanda ya kori naman nan, mu muka cinye shi.

Ba na rubuta wannan domin in kunyata maharba ba. Yawancinmu mun ci naman da Baba ya kawo, mun kuwa yi masa godiya. Amma yau fitilar da ake sayarwa a kowace kasuwa ta fi ta zamaninsa haske nesa ba kusa ba, dajin kuwa ya ragu.

Waɗanda suke yi mana aiki ba lada

Ga abin da ya sa na ce tafiyar ta shafi rumbuna. Masu aikin dare ba a Yankari kaɗai suke ba, waɗansunsu suna cikin garinmu, mu kuwa jifansu muke yi.

Ku ɗauki mujiya, musamman farar nan mai fuska kamar faifai, wadda take son rufin majami'a da tsofaffin ɗakuna. In ta yi kuka a kan gida, sai a ce mayya ce, ko mutuwa take kira, yara su fito da danƙo. Har cikin masu bi akwai masu wannan tsoro, na sani, gama ni ma da shi aka rene ni. Gaskiyar magana ita ce abincinta ɓera ne. Guda ɗaya takan ci uku ko huɗu a dare, in kuwa tana da 'ya'ya a sheƙa, abin da uwa da uba suke kamawa a shekara ya wuce dubu. Kunnenta yana jin motsin ɓera cikin ciyawa ko da babu hasken kome, gashinta kuma mai laushi ne, ba a jin tashinta. Wanda yake shakka, ya duba ƙarƙashin inda take kwana. Zai ga 'yan dunƙule-dunƙule baƙaƙe da take amayarwa. Ya fasa ɗaya da tsinke, zai ga gashi da ƙasusuwa da haƙoran ɓera. A Isra'ila da Jodan, da gonakin kwakwar manja na Malesiya, manoma har akwatuna suke kafa mata a gona domin ta zauna ta yi musu gadi.

Maganar ɓera kuwa ba ta hatsi kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ya kashe ma'aikatan jinya na mishan biyu a shekarar nan, a 1970 kuma ya kashe likita Jeanette Troup a Jos. Daga baya aka gane wani ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da cutar, yana bin abinci da dare yana barin fitsari da kashi. Da rani cutar ta fi tashi, daidai lokacin da muke shanya rogo da hatsi a ƙasa muna barinsu su kwana a buɗe. Mai kashe mujiya, wa yake taimako? Ku lura kuma, mujiyar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma takan mutu. Tarko da kyanwa da rufe abinci sun fi.

Sai jemage. Ƙananan nan da suke shawagi da magariba ƙwari suke ci, har da faɗa-wuta, watau uwayen tsutsotsin da suke huda karan dawa da masara. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasarmu a 2016, uwarta da dare take tashi tana zuba ƙwai. Manyan jemagu kuma, masu fuska kamar ta kare, su ne suke yi wa ɗorawa barbara. Ku duba furen ɗorawa, jan nan mai kama da ƙwallo da yake lilo a dogon tsinke: da yamma yake buɗewa sosai ya zubo da zaƙi, jemage ya zo sha, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa wata bishiya. Ƙudan zuma suna taimakawa da sassafe, amma babban aikin na dare ne. Haka furen kuka, fari ne, da magariba yake buɗewa, kafin wata magaribar ya yanƙwane. Haka rimi. Da na faɗi wannan a mota muna dawowa, shugabar zumuntar mata ta ce, to, Malam, ashe kalwa da daddawa da kuɗin makarantar 'ya'yanmu duk suna rataye a ƙafar jemage. Ba ta yi kuskure ba. Sai dai kada a kama shi da hannu, kada a ci, kada yara su ɗauki wanda ya faɗo, gama yana iya ɗaukar cuta. A bar shi ya yi aikinsa a sama.

Bushiya ma, wadda yara suke gasawa, ƙwari da tsutsa take ci a bayan gida.

Ɓarayin dare

Kada wani ya ce malamin gona ya je Yankari ya dawo yana wa'azin a naɗe hannu. Akwai masu ɓarna. Beguwa da gyazbi suna gama da rogo da gyaɗa, inyawara in ta shiga akurki ba ta barin kaza da rai, kura kuwa ba sai an faɗa ba. Amma yawancin asarar kaji da awaki laifin ƙofa ne. Akurkin da aka ɗaga daga ƙasa, aka toshe ramukansa, aka rufe shi tun magariba, inyawara takan zagaya ta wuce, ta koma kan ɓera, wanda shi ne abincinta na kullum.

Maganar giwa ita ce mai wuya, ban kuwa dawo da amsarta ba. Giwayen Yankari suna cikin garkuna kaɗan da suka rage a Nijeriya duka. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, saboda haka in aka kashe ɗaya, mayar da gurbinta aikin shekaru ne. Amma babbar giwa takan ci abin da ya wuce kilo 100 a yini, gandun kuwa ba shi da shinge. Da kaka, sa'ad da dawa da masara suka nuna, sukan fito da dare su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye. A hanyarmu ta dawowa mun tsaya shan ruwa a wani ƙauye, wani manomi ya ce mana shekarar da suka shiga tasa gonar, abin da ya tsinta bai kai dami uku ba. Ya ce ku kun zo kallo, mu muna kwana a kan dakali muna kaɗa gwangwani. Ba wanda ya sami abin ce masa. Mu da muka yi baƙin ciki don ba mu ga giwa ba, sai muka ji kunya.

Ana dai ƙoƙari. A 2014 wata ƙungiyar kiyaye namun daji ta Amurka, WCS, ta ƙulla yarjejeniya da Jihar Bauci a kan tsaron gandun. An sa wa waɗansu giwaye abin wuya mai nuna inda suke, an kuma ɗauki mutane a ƙauyuka waɗanda suke buga waya in garke ya nufo gona, domin ma'aikata su zo su kora. A Kenya an gwada shingen amya: ana rataye amya a kan turaku kewaye da gona, a haɗa su da waya, giwa in ta taɓa wayar amyoyin su girgiza, ƙudan zuma su fito. Giwa tana tsoronsu ƙwarai, manomi kuma ya sami zuma. A waɗansu ƙasashe ana kwaɓa barkono da kashin shanu ko na giwa, a busar, a ƙona da dare, hayaƙin ya kore su. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake tsare gona ɗungum, amya kuma tana bukatar kuɗi da ruwa da kulawa, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba sai ƙungiya. Ina roƙon ƙungiyoyin ikilisiyoyin da suke wajen Alkaleri, in akwai wadda ta gwada ɗaya daga ciki, ta rubuto mana yadda ta kaya, ko ya yi ko bai yi ba, mu buga domin saura.

Ga ƙungiyar da take so ta je: ku aika a tambayo kuɗin shiga da na mota da halin hanya tun kafin ku tashi, ku riƙe ruwan sha, ku sa tufafi masu duhu, ku bar surutu a gida, ku kuma ɓoye ƙuli-ƙulinku.

A taronmu na bayan Ista an tsai da abu biyu. Na ɗaya, ba ɗan ƙungiya da zai sa wa saura wuta don neman gafiya. Na biyu, a gwada akwatin mujiya a ɗakin ajiyar hatsinmu. An yi muhawara mai zafi a kan na biyun, mutum huɗu suka ƙi ɗaga hannu, ɗaya ya ce matarsa ba za ta ƙara zuwa awo ba. Kafintanmu ya haɗa shi da ragowar katakon benci: ƙofa mai faɗin santimita 13 a can sama, zurfi daga ƙofa zuwa ƙasan akwati santimita 45 domin kada 'ya'yan su faɗo, aka kafa shi a ƙarƙashin rufi, sama da mita 3 daga ƙasa. Baba maharbi ne ya riƙe tsani. Yau mako shida ke nan, ba ta shiga ba tukuna, amma shekaranjiya mai gadi ya kawo mini dunƙule biyu da ya tsinta a gindin bango, na fasa, haƙoran ɓera ne a ciki.